Kafintan da kawu ya kawo ya fi kowa araha, in ba shi rufin gidan Inna?

Assalamu alaikum Malam. Shekara huɗu ke nan ina tara ɗan abin da nake samu ina gina wa mahaifiyata gida, ɗaki uku da falo. Gini ya kai linta, saura rufi. Ga damina ta matso, ga mai gidan da take haya ya ce wa'adi ya kusa cika. Na kira mutum uku sun yi mini ƙiyasi. Biyu kuɗinsu ya yi kusa da juna. Na ukun, wanda kawuna ya kawo, ya faɗo ƙasa sosai: inda waɗancan suka ce goma, shi bakwai ya ce, kuma kaya da aiki duk a wuyansa. Sharaɗinsa in ba shi kashi 80 cikin 100 kafin ya fara, wai kaya na tashi kullum. Da na ce ya rubuta mini abin da zai saya, sai ya ce aikin amana ba ya buƙatar takarda. Kuɗin hannuna daidai nasa ne, bai kai na waɗancan ba. Kawu kuma ya ce in na ƙi mutumin na kunyata shi. Hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yi maka albarka, ya sa Inna ta shiga gidan nan da ƙafarta, ta daɗe a ciki cikin lafiya. Shekara huɗu mutum yana hana kansa don ya rufa wa uwarsa asiri, wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kada ka ba mutumin nan kashi 80. Kada ka ba kowa rufin nan, ko shi ko waɗancan biyun, sai an rubuta abin da za a ɗora maka a kan gini. Rashin kwanciyar hankalin da kake ji yana da tushe, kuma zan nuna maka tushen.

Ka zauna ka yi lissafi. Mutum ukun nan kasuwa ɗaya suke zuwa. Mai sayar da kwano ba zai rage wa na kawu kashi uku cikin goma don ya san kawu ba, haka mai katako, haka mai ƙusa. A aikin rufi kuwa kaya ne ke cinye mafi yawan kuɗin, ladan hannu kaɗan ne a ciki. To ukun nan da suka ɓace daga cikin goma, daga ina za su fito? Ruwa ba ya tsami banza. Ban ce duk mai araha macuci ne ba. Akwai kafintan da aiki ya yi masa ƙaranci ya rage ribarsa, akwai wanda ke neman suna, akwai wanda ya yi ragi don mutunci. Irin wannan yakan sauko ne daga goma zuwa tara da rabi ko tara. Amma uku cikin goma ya wuce ragin riba. Ko dai ya yi kuskuren awo, ya tsaya maka a tsakiyar aiki yana cewa kaya sun ƙare, ko kuma ya riga ya san inda zai cire kuɗin, kuma daga jikin rufin Inna zai cire shi.

Abin da ke sa rufi ya bambanta da sauran aikin gini shi ne, ranar da aka gama shi, mai kyau da marar kyau kamarsu ɗaya. Ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, duka suna sheƙi. Bangon da ya karkace idonka zai gani, ƙofar da ba ta rufuwa hannunka zai ji. Rufi kuwa duk abin da ke riƙe da shi yana ɓoye, sama da kanka, kuma da an buga silin shi ke nan an rufe shaida.

Wurin da aka fi rage kuɗi shi ne kaurin kwano. Da milimita ake auna shi. Za ka ji ana cewa 0.55, ko 0.45, ko 0.40, kuma a ido launinsu ɗaya, zanensu ɗaya. Amma in an yi maka alkawarin 0.55 aka kawo 0.40, an cire maka fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfen da ka biya. Inda ake lissafi da geji kuma, ka riƙe wannan: lamba tana hawa, kwano yana ƙara sirancewa, geji 30 ya fi geji 28 siranta. Mutane da yawa suna ɗauka akasin haka ne, kuma a nan ake cin su. Siririn kwano yana lotsewa da zarar kafinta ya taka shi, inda ya lotse ruwa ke kwanciya, kuma in iska ta riƙa jijjiga shi sai ramin ƙusa ya yi ta faɗi har kan ƙusar ya zare ta ciki. Akwai ɗan ma'aunin kauri da ake kira maikromita, ƙarami ne, yana shiga aljihu. Ka ara ko ka saya, a auna a gabanka ranar da kaya suka iso, kuma a zaro daga tsakiyar bandir, ba na sama kawai ba. Ka kuma tambaya ko kaurin da aka faɗa na ƙarfen ne zalla ko har da fenti, don fenti ma yana ƙara lamba.

Bayan kauri akwai rigar da ke kare ƙarfen daga tsatsa. Kwanon ƙarfe ana lulluɓe shi ne da tutiya, wato zinki, ko da haɗin alminiyum da tutiya. Kamfanonin kirki kan buga lamba a bayan kwanon. In ka ga Z275, ma'anarsa giram 275 na tutiya a kowane murabba'in mita, gaba da baya a haɗe. In ka ga AZ150, giram 150 ne na haɗin da kashi 55 cikin 100 nasa alminiyum ne. Kwano mai arha sau da yawa rigar tasa siririya ce ƙwarai, sai fenti mai ƙyalli a kai. Shekarar farko lafiya lau. Daga nan tsatsa ta fara daga gefen da aka yanka da bakin ramin ƙusa, ta yi ta ci.

Bari in ba ka labarin kaina, don ni ma na taɓa tsayawa inda kake tsaye. Lokacin da na rufe gidana na farko, kuɗi sun yi mini ƙaranci, na ɗauki wanda ya fi araha, ban nemi takarda ba. Daminar farko ɗigo biyu ne kawai a kusurwar falo, na ce ba komai. A damina ta biyu, wani dare ruwa ya zo da iska. Na farka na ji ƙara a sama kamar ana buga tire, kwano na ɗagawa yana komawa. Na haska fitila, sai ga silin ɗin ɗakin yara ya yi ciki ya sauko, ruwa na bin wayar ƙwan fitila yana ɗiga daga jikin ƙwan kan katifa. Na kashe wutar gidan gaba ɗaya, muka kwashe yaran zuwa falo, matata na jera robobi a ƙasa, ƙaramar tana kuka. Da gari ya waye na sa tsani na leƙa cikin silin. Abin da na gani har yau yana idona: ƙusoshi da yawa sun huda kwano sun sauka a iska, ba su sami katako ba, hasken rana na shigowa ta gefensu tsilli-tsilli. Katakon da ke kusa da bango na danna shi da babban yatsa, yatsan ya shige, gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Gyaran da na yi, da sabon silin, da sabuwar waya, ya zarce ragin da aka yi mini nesa ba kusa ba. Ni a lokacin ina da ƙarfin ɗaukar yara in gudu falo. Inna a shekarunta, ita kaɗai cikin dare, wa zai ɗauke ta?

Katakon nan da na ambata shi ne wuri na biyu da ake cin mai gida. Ɗanyen katako ya fi busasshe arha, kuma ana samunsa nan take. Matsalarsa, a kan ginin zai bushe. Yana bushewa yana tsukewa, yana murɗewa, ƙusar da aka buga masa ta saki, layin rufin ya fara lanƙwasa. Masana katako sun daidaita a kan cewa in danshin cikinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ruɓa ba ta samun wurin zama. Ɗanye ya wuce haka sosai. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa, ka sa a yanka ɗaya ka taɓa cikinsa, in da sanyi da laima, bai shirya ba. Sai maganin gara. Mai son rage kuɗi yakan shafa baƙin man mota a waje, katako ya yi baƙi, mai gida ya ga kamar an yi magani. Maganin gaske daban yake, yana da gwangwaninsa da sunansa, kuma ana shafa shi har bakin duk inda zarto ya yanka, don ta nan gara ke shiga. Sannan akwai tazara. In ya kamata a jera layi goma na katakon da ake buga kwano a kai, sai a jera bakwai. In wurin katako tu-bai-fo ne a sa tu-bai-tiri, wanda bai kai shi girma ba. Kai da ke ƙasa ba za ka ƙirga ba, amma kwanon zai sani, don shi ne zai riƙa lilo tsakanin katako da katako.

Na fi jin tsoron iska a kan ruwa, kuma ina so ka fahimci dalili. Mutane suna ɗauka iska tura rufi take yi. A gaskiya tsotsarsa take yi sama. In ta bi ta kan gida da gudu, sai ta riƙa jan kwanon kamar mai son buɗe murfin tukunya, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ciki, sai ta ƙara turo shi daga ƙasa. Ƙarfinta ba ya hawa daidai da gudunta: in gudun ya ninka biyu, ƙarfin da take ja da shi ninkawa huɗu yake yi. Kuma ta fi cizo a kusurwoyi da gefe-gefe da tozon rufi, wuraren da ya kamata a ƙara yawan ƙusa. Abin da ke hana rufi tashi shi ne ɗauri: kwano a jikin katako, katako a jikin ƙashin rufi (wato manyan katakan da ke ɗauke da rufin), ƙashin rufi a jikin katakon da ke kwance kan bango, shi kuma a ɗaure da rodi ko ƙarfen ɗauri da aka binne cikin kankaren saman gini. Ko'ina aka yi sakaci a wannan sarƙa, nan za ta tsinke. Wannan ba matsalar talaka kaɗai ba ce. A watan Agusta na 1992 guguwar Andrew ta afka wa kudancin jihar Florida a Amurka ta rusa dubban gidaje. Da masu bincike suka bi baraguzan, cikin abin da suka yi ta gani har da allunan rufi da aka buga da ganganci, maɗaurai sun kauce wa katako sun sauka a banza, irin abin da na gani a cikin silin ɗina. Wannan na cikin abin da ya kai jihar ga sabuwar dokar gini ta bai ɗaya da ta fara aiki a 2002. Rodin ɗauri da ƙarin ƙusa ba su da tsada in an kwatanta da kwano, amma suna cin lokaci, kuma wanda ya karɓi aiki a kan bakwai sauri yake yi ya tafi wani.

Yoyo kuma ba kasafai yake fitowa daga tsakiyar kwano ba. Daga haɗi yake fitowa. Inda kwano ya hau kan ɗan'uwansa ta gefe, a irin mai tudu da kwari, ana so ya hau tudu ɗaya da rabi. Inda na sama ya sauko kan na ƙasa, ana so ya rufe shi da aƙalla santimita 15, in rufin bai da gangara sosai a ƙara. Mai tsimin kaya yana rage wannan hawan don kwano kaɗan ya rufe fili mai yawa, sai iska ta riƙa tura ruwa baya ta ƙarƙashin haɗin. Haka yakan kwantar da gangarar rufin, don rufi mai tsayi ya fi cin katako da kwano. Ƙusa a irin wannan kwanon kan tudu ake buga ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma da robarta mai jure rana. Roba mai arha tana tsagewa, kowace ƙusa ta zama ƙofar ruwa. Ka tuna kwano yana motsi: na alminiyum mai tsawon mita 10, in zafinsa ya canja da digiri 50 tsakanin tsakar rana da asuba, yana miƙewa ya tsuke fiye da santimita 1, kullum. Ƙusar da ba ta dace ba, wannan motsin kaɗai ya isa ya sassauta ta. In an yanka kwanon ƙarfe da injin nan mai faifai mai feshin tartsatsi, zafin yana ƙona rigarsa a bakin yankan, garin ƙarfen da ya watsu a kai kuma ya yi tsatsa ya ɓata fentin. Almakashin kwano ya fi, sai dai ya fi cin lokaci. Sai wuraren da rufi biyu suka haɗu suka yi kwari, da inda kwano ya jingina da bango, da indararo. A nan ake gane gwani. In irin rufin nan ne da bango ke zagaye shi ya ɓoye shi, to ka ninka kulawa, don duk ruwan cikin magudana ɗaya yake taruwa, in ta yi ƙanƙanta ko ta toshe, cikin ɗaki zai juyo.

Ka san yawan ruwan da muke magana a kai? Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. In rufinka murabba'in mita 150 ne, aka yi ruwa mai milimita 40 a dare ɗaya, lita 6,000 ke nan, duro 30 na lita 200, duk a kan gidan Inna, duk suna neman ƙaramar kafa.

Yanzu batun kashi 80. Gaskiya ne kaya na tashi, amma maganin wannan a sayi kayan ne, ba a miƙa wa mutum kuɗin ba. Duk ranar da kuɗin da ka biya ya zarce aikin da aka yi maka, daga ranar kai ne mai roƙo. Zai zo kwana biyu, ya ɗora ƙashin rufi, ya ɓace zuwa wani aikin da ya karɓi kafin-alƙalaminsa, don da yawa daga masu irin wannan farashin da kuɗin sabon aiki suke ƙarasa tsoho. Ka kira ya ce gobe. Ruwa ya sauka kan katakon da ba a rufe ba. Sannan ya dawo ya ce kwano bai isa ba, sai ka ƙara, kuma dole ka ƙara, don ba kafintan kirkin da ke son karɓar aikin da wani ya fara ya lalata, in ma ya karɓa sai ya caje ka kuɗin warwarewa. A haka bakwai ke komawa goma sha ɗaya. Kai kuma ka ce kuɗin hannunka daidai bakwai ne, ba ka da na ƙari. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka: mutumin da ba shi da rarar kuɗi shi ne wanda bai kamata ya yi caca da rufi ba, don ba zai iya yin sa sau biyu ba.

Akwai kuma rayukan yaran da za su hau. Faɗowa daga sama na cikin manyan abubuwan da ke kashe ma'aikatan gini a duniya. Mai matse kuɗi yakan kawo yaran da ba su ƙware ba, ba tsani mai kyau, ba abin takawa. In wani ya faɗo, a gidanka ya faɗo, kuma ko doka ba ta kama ka ba, zuciyarka ba za ta sake ka ba. Ka tambayi duk wanda za ka ba aikin, su wa za su hau, kuma a kan me za su tsaya.

Ga abin da nake so ka yi cikin makon nan. Ka nemi wanda ya san gini kuma ba shi da rabo a kwangilar, injiniya ko tsohon kafintan da ya ajiye guduma, ka biya shi ɗan ladansa ya auna rufin ya rubuta maka takarda ɗaya: irin kwano da kaurinsa da adadinsa, girman katako da tazararsa, maganin gara da sunansa, irin ƙusa, yadda za a ɗaure rufin da gini, da yadda za a yi kwari da indararo. Ka kai wa mutum ukun wannan takardar, kowa ya sa kuɗinsa a kan abu ɗaya, ya raba kuɗin kaya da ladan aiki. Sai a lokacin ne za ka san wa ya fi araha da gaske, don yanzu farashin rufi uku daban-daban kake kwatantawa. Ina kyautata zaton za ka ga bakwai ɗin nan ta hau ta matso kusa da sauran. In kuma ta tsaya a inda take, kuma ya yarda ya sa hannu a kan kaurin da adadin, to alhamdu lillahi, ka ci riba.

Kayan kuma ka saya da kanka, ka tafi da kafintan ya zaɓa, kai ka biya, rasit da sunanka, a sauke a gidanka a ƙirga. Ladan aiki a biya shi kashi-kashi: kaɗan a farko, wani in an gama ƙashin rufi kuma mai duba maka ya hau ya gani, wani in an rufe kwano. Ka riƙe wani abu a hannunka har ruwa ya gwada aikin. Ko a manyan kwangiloli haka ake yi, akan riƙe kamar kashi 5 cikin 100 na tsawon wata 6 zuwa shekara, don a ga ko aibi zai fito. Kada a buga silin sai ka shiga kowane ɗaki da tsakar rana ka ɗaga kai ka nemi haske inda bai kamata ba, sannan a hau da tiyo ko bokiti a kwarara ruwa a kan haɗe-haɗen kana ciki kana kallo. Kuma ka ce kowannensu ya nuna maka gidan da ya rufe shekara uku ko huɗu da suka wuce, ba na watan jiya ba. Ka je ba tare da shi ba, ka gaisa da masu gidan, ka dubi silin ɗinsu ko akwai tabon ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san abin da za ka ce: Malam, duk wannan na ji, amma kuɗin bai kai ba. To a rage aikin, kada a rage ingancinsa. Silin zai iya jira. Fenti, tayil, ƙofofin ciki masu ado, duk za su iya jira, kuma jiransu ba ya ɓata komai. In tsarin ginin ya ba da dama, ka tambayi mai duba maka ko za a iya rufe ɓangaren ɗakin Inna da falo da banɗaki yanzu, rufi na gaske, a bar sauran zuwa lokacin da hannunka ya sake kamawa. In rufin da aka zana maka mai kwari da tozo da yawa ne, a sauƙaƙa shi, don kowane lanƙwasa kuɗi ne kuma ƙofar yoyo ce. Rufi mai sauƙin fasali da kaya masu kyau ya fi mai ado da siririn kwano. Mai gidan haya kuma ka same shi da kanka, ka nuna masa inda gini ya kai, ka nemi wata biyu ko uku ko da za ka biya. Hayar wata uku ba ta kai kuɗin sake rufi ba.

Saura kawu. Kada ka ɗauke shi abokin gaba a wannan magana. Mai yiwuwa ya ga wahalar da kake sha ne ya nemo maka sauƙi, kuma shi ma bai san kaurin kwano ba. Kada ka aika masa saƙo, ka je da ƙafarka, ka zauna ƙasa ka gaishe shi. Kada ka ce mutuminsa macuci ne, don ba ka da shaida, kuma da ka faɗi haka kawu zai koma kare kansa. Ka ce masa: "Kawu, na gode da ka tsaya mini a aikin nan. Wanda ya duba mini ginin ya rubuta abin da rufin ke buƙata, kuma duk wanda zai yi aikin a kan wannan takardar zai yi. Ina so mutuminka ya fara gani kafin kowa. Kuma ina roƙonka ka zama shaida, ka sa hannu tare da mu, don ɗakin 'yar'uwarka ne." Ka ga yanzu ka ba shi girmansa, ka kuma sa shi cikin masu tsaron aikin. In kafintan ya yarda, kowa ya huta. In ya ƙi takarda a gaban kawu, to shi ya janye da kansa, ba kai ka kore shi ba, kuma kawu da idonsa ya gani.

Maganar da ya yi cewa aikin amana ba ya buƙatar takarda, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Mai niyyar sa 0.55 ba abin da zai rasa in ya rubuta 0.55. Kuma ka yi tunanin ranar da rufin ya fara zuba babu takarda: kai ka ce an yi maka alkawarin kaza, shi ya ce bai yi ba, kawu na tsakiya, Inna na jin kunyar ɗan'uwanta tana kuma jin tausayin ɗanta, sai ta riƙa ɓoye maka yoyon tana tara ruwa a roba don kada a yi rigima saboda ita. Iyaye mata haka suke yi. Wannan ranar ce nake so ka kauce wa, kuma ita ce za ta ɓata tsakaninka da kawu fiye da duk wani ɓacin ran da zai yi a makon nan.

Inna ma ka gaya mata gaskiya tun yanzu, cewa mai yiwuwa ta shiga gidan ba silin, ba fenti, wataƙila ɗaki ɗaya da falo kawai aka rufe. Ranar da za a ɗora ƙashin rufin kuma ka ɗauki hutu daga wurin aiki, ka kasance a wurin tun safe da takardar a hannunka, ka ga an ɗaure kowane rodi kafin kwano na farko ya hau.